Yadda Ake Rubuta Tarihin Uwa Mai Bi da Shirya Sujadar Tunawa da Ita

Duk wanda ya saba zuwa jana'izar tsofaffin mata a ikilisiya ya san yadda takardar tarihi take zuwa. An haife ta, ta yi aure, Allah ya albarkace su da 'ya'ya, mace ce mai addu'a, mai haƙuri, mai son mutane. Kana iya goge sunan ka sa na wata, ba wanda zai lura. Ba a yi ƙarya ba, amma ita kanta ba ta fito ba. Jikar da take goye a ranar, in ta girma ta ɗauki takardar, ba za ta ga kakarta a ciki ba.

A Ayyukan Manzanni 9:36-41, da Tabita, wadda ake kira Dokas, ta rasu a Yafa, gwauraye suka kewaye Bitrus suna kuka, suna ɗaga masa rigunan da ta ɗinka tun tana tare da su. Abin da hannunta ya yi suka nuna. Aikinku ke nan a kan Mama: ku nemo rigunan, ku tabbatar nata ne, ku ɗaga su jama'a su gani.

Kafin a taɓa alƙalami

Mutum ɗaya zai rubuta. In 'ya'ya shida suka zauna kowa yana jefa jimlarsa, abin da zai fito jerin yabo ne marar kai marar gindi. Ba lalle ɗan fari ba ne. Ku zaɓi wanda ya iya sauraro, wanda kuma baƙin ciki bai ɗauke masa hankali gaba ɗaya ba. Sau da yawa babbar jika ko suruka ta fi dacewa. A ba shi mataimaka biyu: ɗaya ya riƙe takardu da hotuna, ɗaya ya riƙe jerin sunaye da duba kurakurai.

In jana'iza ta matso, kwana uku sun isa: ranar farko tattarawa, ta biyu rubutu da karanta wa iyali, ta uku maɗaba'a. In sujadar tunawa ce ta bayan watanni ko ta cikar shekara, ku ba kanku mako uku.

Fasto ko firist shi ne mutum na farko da za ku gani, tun ba ku yi wa kowa alkawarin magana ba. Ku tambaye shi minti nawa aka yarda a ba tarihi, mutum nawa za su yi shaida, wa yake zaɓen nassi da waƙoƙi. Ikilisiyoyi sun bambanta a nan. A Misa, wato sujadar Katolika, ta jana'iza, ƙa'ida ita ce wa'azin firist ba ya zama yabon mamaci, don haka dogayen shaidu a kan kai su daren da ya gabaci jana'iza ko bayan an tashi. Wasu ikilisiyoyin kuwa suna ware wa shaidu lokaci a tsakiyar sujada. Iyalin da bai tambaya ba shi ne yake tara mutum goma da takardu a hannu, sannan a ce musu biyu kawai za su hau.

Shekaru da ranaku

Ku fara da abin da yake a rubuce, domin ƙwaƙwalwar mai makoki tana haɗa shekaru. Ku nemo takardar haihuwa in akwai, takardar baftisma, ta aure, katin zama ɗan ikilisiya, takardun makaranta da na aiki, da takardar shaidar rasuwa. Ku shimfiɗa su a tebur ɗaya, ku rubuta kowace rana da takardar da aka samo ta. Inda biyu suka saɓa, wadda aka rubuta kusa da lokacin da abin ya faru ita ce a gaba. Takardar baftismar da aka cike tana yarinya ta fi katin shaidar da aka yi mata tana da shekara sittin. Katunan da suka ce an haifi mutum ran 1 ga Janairu kuwa, ku bi su a hankali. Ranar da ake cikewa ke nan idan ba a san ta ainihi ba.

In takarda ta ɓace, littafin rajista na ikilisiyar da aka yi mata baftisma ko aure yana iya fitar da ku. A Katolika, a littafin baftisma na cocin da aka yi mata ake ƙara rubuta tabbatarwa da aure, saboda haka shafi ɗaya na iya ba ku ranaku uku.

In an rasa ranar haihuwa gaba ɗaya, ku ƙiyasta daga shekarun ɗanta na fari, da na ƙannenta, da wani babban abin da ta ce ya faru tana yarinya. Sai ku rubuta "wajen shekara ta 1940". Kada ku ƙaga rana don layin ya cika, domin abin da aka buga yau shi jikoki za su ɗauka gaskiya har abada.

Lissafin shekaru ma yana kayar da mutane. A ce an haife ta a Nuwamba 1941, ta rasu a Maris 2024. Ɗebewa ta ba da 83, amma ba ta kai Nuwamba ba, shekarunta 82 ne. Wannan kuskuren yana hawa bangon littafi, ya hau fosta, ya ƙare a kan dutsen kabari.

Littafinta Mai Tsarki

Kafin a kwashe ɗakinta, wani ya ɗauke Littafinta Mai Tsarki da littafin waƙoƙinta ya adana. Kada a karkaɗe su, kada a cire abin da yake ciki. Mai rubutu ya zauna da su awa guda shi kaɗai.

Ya fara ajiye littafin a kan gadon bayansa ya sake shi, ya ga inda zai buɗe da kansa. Wurin da ta fi zama ke nan. Ya duba gefen shafuka, inda ya yi duhu da taɓawar yatsa. Ya bi ayoyin da ta ja wa layi, da ranakun da ta rubuta a gefe, domin mata da yawa suna sa ranar da aka amsa musu addu'a, ko ranar da aka yi musu rashi, kusa da ayar da ta riƙe su. Shafukan farko da na ƙarshe sukan ɗauki ranakun haihuwar 'ya'ya da jikoki da hannunta, wanda shi kansa hujja ce a kan shekaru. Ƙananan takardun da aka soka a tsakani, jerin sunayen da take yi wa addu'a, tsarin wata tsohuwar sujada, wasiƙar wani jika, kowanne a ɗauki hotonsa a shafin da aka same shi kafin a motsa shi.

Daga nan ne ayar bango za ta fito. Mutane sukan ruga zuwa 2 Timoti 4:7 ko Karin Magana 31, kuma ba laifi, amma in ta ja layi uku a ƙarƙashin wata aya a Ishaya, wannan ita ce tata. Ku kuma ɗauko ayar daga juyin da take karantawa. Wadda ta girma da tsohon juyin Hausa na 1932 ta san Misalai, Mai-Wa'azi da Ru'ya ta Yohanna, wadda ta saba da juyin baya kuma ta san Karin Magana, Mai Hadishi da Wahayin Yahaya. Ƙawayenta za su ji bambancin a kunnensu tun daga kalmar farko. Ku kwafe ayar daga littafin harafi da harafi, ba daga ka ba.

In ba ta yi karatu ba, wannan taskar tana bakin mutane: ayoyin da ta haddace, waƙar da take yi tana aiki, kalmomin da take buɗe addu'a da su kullum. A tambayi wanda yake karanta mata.

Abu ɗaya: jerin addu'arta yana iya ɗauke da asirin wasu, auren da yake tangal-tangal, ɗan da ya kauce. Wannan tsakaninta da Ubangijinta ne, ba ya shiga takarda.

Tambayar mutane

'Ya'ya rabin labarin suka sani, domin sun same ta ne tana uwa. Ku nemi mutum shida zuwa takwas daga sassa daban na rayuwarta: ɗan'uwa ko 'yar'uwar da suka tashi tare, ƙawar ƙuruciya, mace ɗaya ko biyu daga zumuntar mata, maƙwabciya, wanda ta riƙe ba ita ta haife shi ba, abokin aiki ko na sana'a, suruka, da jika. Ku fara da mafi tsufa. Ku zauna da kowa shi kaɗai na minti ashirin zuwa talatin. A cikin taro, mai ƙarfin murya ne yake cinye zance, sauran su yi ta gyaɗa kai.

Yadda aka yi tambaya shi yake kawo irin amsar. In ka ce, "Baba, wace irin mace ce Mama?" za a ce maka mai kirki ce, zance ya mutu. Ka ce, "Baba, yaushe ka fara ganinta, me take yi a lokacin?" Ka ce wa ƙawarta, "Mama, wace rana ce ta taimake ki da ba za ki manta ba?" Ka tambayi jika abin da Kaka take cewa in za ta tsawata, da abin da take yi da asuba kafin kowa ya tashi. Ka tambayi matan zumunta a wane benci take zama, wane aiki ne in ba ta zo ba ba a yi, wa take ziyarta ba tare da an aike ta ba. In an ce maka "tana da kyauta", kada ka wuce, ka ce, "Ba ni misali ɗaya. Wa ta ba, me ta ba shi?"

1 Timoti 5:10 ya jera abubuwan da ake shaidar dattijuwa mai bi da su: renon 'ya'ya, karɓar baƙi, wanke ƙafafun tsarkaka, taimakon masu shan wahala. Wannan jerin tambayoyi ne a shirye. Wa ta rena? Wa ya kwana a gidanta? Wane aikin ƙasƙanci ta yi wanda wasu suke gudu? Wa ta tsaya wa ranar da kowa ya watse?

Ku ɗauki murya da waya, bayan kun nemi izini. A kashe layin kira don kada wani ya katse, a ajiye wayar a kan tsumma kusan taƙi biyu daga bakin mai magana, a kashe fanka da talabijin. A farkon kowane ɗauka, mai tambaya ya faɗi sunan mai magana da kwanan wata. In tsoho ya yi shiru, a bar shi. Abin da yake zuwa bayan shirun yakan fi duk abin da ya gabata.

Labarin da mutum ɗaya ya bayar, musamman mai shekara ko adadi a ciki, a gwada shi a wurin na biyu. In sun saɓa kuma ba a iya rabawa, a rubuta ɓangaren da suka yarda a kai.

Rubutun kansa

Kuna bukatar iri biyu. Na karantawa a sujada: mai karatu a natse a gaban jama'a yana cin kalma 110 zuwa 120 a minti, don haka minti biyar kalma 550 zuwa 600 ne. Na bugawa a ɗan littafi yana iya kai 1,000 ko 1,200. Ku rubuta dogon tukuna, ku yanko gajeren daga cikinsa.

Ƙashin bayan tarihin sananne ne: cikakken suna har da na gidan ubanta da wanda jikoki suke kiranta da shi, haihuwa da iyaye, ƙuruciya da karatu, yadda ta karɓi Almasihu da baftismarta, aure, sana'a, hidima a ikilisiya, kwanakin ƙarshe, waɗanda ta bari. Kuskuren shi ne a raba wa kowanne layi daidai. Ranaku da wurare su wuce da sauri, jimla ɗaya ɗaya. A kashe rabin kalmomin a kan labarai uku, ko huɗu in sun yi yawa, waɗanda kuka ga suna maimaituwa a bakin mutanen da ba su san juna ba. Abin da maƙwabciya da jika da abokiyar aiki suka faɗa kowa daban, shi ne halinta.

Dubi bambancin. "Mama mace ce mai addu'a ƙwarai." Kowa ya ji, ba wanda ya gani. Amma: "Ƙarfe huɗu na asuba muryarta take tashe mu ta bango, tana kiran sunayen jikoki ɗaya bayan ɗaya daga babba zuwa ƙarami, in an yi sabuwar haihuwa kuma jerin ya ƙaru a daren." Ba a ce mai addu'a ba ce, amma duk majami'a ta sani. Gwajin kowace jimla ke nan: in za a iya faɗinta a kan kowace tsohuwa a ikilisiya, a cire ta ko a sa mata misali.

Ku sa maganarta da bakinta, ko sau biyu, yadda take faɗinta, da harshen da take faɗinta. Kada a gyara mata nahawu.

Sai batun rauninta. Ba a tona asiri a jana'iza, ba a kuma rama tsohon faɗa da alƙalami. Amma tarihin da ya mai da ita mala'ika yana sa waɗanda suka zauna da ita su sunkuyar da kai. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye dariyar Saratu da musun da ta yi a Farawa 18 ba, duk da haka Ibraniyawa 11:11 ya ambace ta cikin masu bangaskiya. In Mama mai zafi ce, ana iya cewa ba ta iya ganin ba daidai ba ta yi shiru, kuma 'ya'yanta duk sun ɗanɗana. Jama'a za su yi dariya cikin hawaye, domin ita ce. Abin da ya fi wannan nauyi, rabuwar aure, ɗan da aka yi shekaru ba a magana da shi, a bar shi sai duk waɗanda abin ya shafa sun yarda.

Rashin lafiya jimla ɗaya ta ishe shi. Sunan cutar sai da yardar iyali, kuma ba wurin zargin asibiti ko wani dangi ba ne. Shekara tamanin ta yi a duniya. Kada wata uku na jinya su cinye sulusin takarda.

Kalmomin rasuwa su bi koyarwar ikilisiyarta. "Ta yi barci cikin Ubangiji" da "Ubangiji ya kira ta gida" suna tafiya ko'ina. Katolika suna yi wa matattu addu'a, don haka roƙon Allah ya ba ta hutawa ta har abada daidai ne a wurinsu. Yawancin ikilisiyoyin Furotesta ba sa yi, godiya suke yi saboda rayuwarta, su yi wa iyali addu'a. Fasto ya ga rubutun kafin a buga.

Daren da ya gabaci zuwa maɗaba'a, a tara 'ya'ya, na nesa ta waya, a karanta musu da murya sau ɗaya. Gyaran gaskiya a karɓa. Wanda yake so a ƙara nasa sakin layi, a ba shi wuri a shafin shaidu.

Jerin waɗanda ta bari

A nan ake samun rigimar da takan kai shekaru. Sunan da aka manta ya fi zagi zafi. Mai riƙe sunaye ya bi gida gida: kowane ɗa ya turo sunan kansa, na matarsa ko mijinta, na 'ya'yansa da jikokinsa a rubuce, yadda suke rubuta shi. Kada a karɓa ta baki. A jera 'ya'ya bisa haihuwa, ba bisa muƙami ko wanda ya fi kashe kuɗi ba. A ƙirga jikoki da tattaɓa kunne sau biyu, mutum biyu daban, a tuna da jaririn da aka haifa watan jiya. Waɗanda suka riga ta, miji ko ɗa, a ba su layinsu. 'Ya'yan riƙo da 'ya'yan miji, iyali su yanke shawara tun da wuri, kuma ma'auni mafi sauƙi shi ne yadda ita take kiransu. In ta ce 'ya'yanta ne, ba mai alƙalami ne zai rage su ba. Muƙamai kuwa, ko a sa wa kowa ko a cire wa kowa.

Kada a buga adireshin gida, lambar waya ta kowa da kowa, ko cikakkiyar ranar haihuwar masu rai. Takardar tana yawo, hotonta yana hawa intanet, 'yan damfara kuma suna bibiyar gidajen makoki.

Hotuna da ɗan littafi

Hoton bango ya zama wanda jama'a za su gane ta da shi, fuska a sarari, daga shekarunta na baya amma kafin ciwo ya canza ta. Na ƙuruciya da na aure su shiga ciki. Takwas zuwa goma sha biyu sun isa, kowanne da layi ɗaya a ƙasa: su wa, ina, wace shekara.

Tsohon hoto a yi masa sikan a ɗigo 300 a kowane inci in girmansa za a buga, 600 in za a faɗaɗa shi. In da waya za a ɗauka, a fitar da shi daga gilashi, a shimfiɗa kusa da taga, a kashe fitilar kyamara, a riƙe wayar daidai samansa. Wanda ya manne da gilashi kada a ɓamɓare shi, fuskar za ta bi gilashin. A ɗauka haka nan, a ɗan karkata don kauce wa ƙyalli. Hoton da zai cika bangon A5 yana bukatar fiksel wajen 1,750 a faɗi da 2,480 a tsayi. WhatsApp yana matse hoto in an tura shi ta hanyar hoto, shi ya sa fuska take fitowa dishi-dishi a bugu. A tura shi a matsayin fayil, ko ta imel.

Ɗan littafin da ake ninka takardar A4 gida biyu a ɗinke da waya a tsakiya, shafukansa huɗu huɗu suke tafiya: 8, 12, 16. In kun shirya 13, ko ku rage ɗaya ko ku cike uku. Goma sha biyu yakan wadatar: bango, tsarin sujada, tarihi shafi uku, waƙoƙi biyu, hotuna biyu, shaidu biyu, godiya a baya. Takardar ciki mai nauyin giram 80 zuwa 100, bango 200 zuwa 250. Girman rubutu kada ya gaza 12, domin tsofaffi ne za su fi karantawa. Waƙoƙi a buga baitocinsu duka yadda suke a littafin waƙoƙin ikilisiya.

Haruffa masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, suna rikiɗewa su zama akwati ko alamar tambaya in kwamfutar maɗaba'a ba ta da irin rubutun da kuka yi amfani da shi. Ku kai aikin a PDF, ku ce a buga muku kwafi ɗaya na gwaji. Wanda bai taɓa ganin rubutun ba ya karanta shi da murya, yatsa a kan layi, ya duba sunaye, shekaru, da lambobin ayoyi da Littafi a buɗe. Manyan haruffan bango su ne aka fi yin kuskure a cikinsu, don ido yana tsallake su. Hoto yakan fi duhu a takarda fiye da a allo, sai a ƙara masa haske kaɗan in gwajin ya nuna haka. Adadi kuwa, ku ƙiyasta masu zuwa, ku ƙara kashi ɗaya cikin biyar, ku ware ashirin tun a gida don dangin nesa da jikoki.

Ranar sujada

Sujada ta awa ɗaya da rabi tana iya rabuwa haka: buɗewa da addu'a minti 5, waƙoƙi 15, karatu biyu 8, tarihi 6, shaidu huɗu 12, wa'azi 20, addu'a domin iyali 5, godiya da sanarwa 5, rufewa 5. Minti 81 ke nan. Sauran taran na tashi da zama ne da share hawaye.

Nassin da ya dace da uwa da kaka yana da yawa. 2 Timoti 1:5, inda Bulus ya tuna da bangaskiyar da ta fara zama a cikin Loyis kakar Timoti da Afiniki uwarsa, ya dace da gidan da bangaskiya ta sauko ta hannun mata. Luka 2:36-38, labarin Hannatu da ba ta rabuwa da Haikali, na wadda ta daɗe da rashin miji tana hidima ne. Akwai Zabura 23, 90 da 116:15, Yahaya 11:25-26 da 14:1-3, 1 Tasalonikawa 4:13-18, Wahayi 14:13. Karin Magana 31:10-31 aya 22 ce. In lokaci ya ƙure a ɗauka daga 25 zuwa 31. Ɗaya daga Tsohon Alkawari, ɗaya daga Sabo, ya isa.

Shaidu su ne suke ɓata lokaci. Mutum huɗu, minti uku uku: ɗa ɗaya a madadin 'ya'ya, jika ɗaya, mace ɗaya daga zumunta, mutum ɗaya daga waje. A gaya wa kowa kwana biyu kafin ranar cewa labari ɗaya zai bayar, a rubuce, kalma 300 zuwa 350, kada ya maimaita tarihi. Mai gabatarwa ya zama mutumin da zai iya matsowa kusa da dattijo cikin ladabi ya ce, "Baba, mun gode," ya karɓi makirfo. Buɗe fili ga duk mai so a bar shi sai an koma gida.

Mai karanta tarihi ya gwada da murya sau uku kafin ranar, a buga masa nasa kwafin da girman rubutu 16 da tazara tsakanin layuka, ya sa alama a wuraren da ya san muryarsa za ta karye. Wani ya tsaya kusa da shi da kwafi na biyu, a shirye ya ci gaba daga inda ya tsaya. Kuka ba abin kunya ba ne, Yesu ma ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, sai dai tarihin ya kai ƙarshe.

Ƙananan jikoki a ba su abin da za su iya tare: aya ɗaya da ta koya musu, ko baiti ɗaya na waƙarta. Kada a tilasta wa wanda ya ƙi. Mutum ɗaya kuma a ɗora masa ɗaukar murya, ya ajiye waya kusa da lasifika, ba a bayan majami'a ba, da caji cike.

Bayan an watse

Cikin mako biyu, tun abin bai warwatse a wayoyin mutane ba, a tara komai a jaka ɗaya a kwamfuta: dogon tarihi, PDF na ɗan littafi, hotuna, muryoyin hira, da na sujada. A sa wa kowane fayil suna mai ma'ana, shekara da sunan mai magana. A yi kwafi uku: a kwamfuta, a filashi a gidan wani ɗa daban, da a ma'ajiyar intanet. Abin da kuka yanke saboda tsawo kada a zubar. Shi ne za a karanta a cikar shekara, da gyaran duk kuskuren da aka gano.

Takardun asali kada a liƙe su da roba mai zafi, domin ba ta ɓaruwa kuma tana lalata su a hankali. Kada a sa musu salatif. A sa su a ambulan a kwance, wuri busasshe, nesa da rana. Bayan hoto a rubuta da fensir mai taushi, biro yana huda shi ya ɓullo ta fuska. Littafinta Mai Tsarki a yanke wanda zai riƙe shi a gaban kowa, a ɗauki hoton shafukan da ta yi rubutu a raba wa sauran.

Dutsen kabari kada a yi gaggawarsa. Ƙasa tana bukatar wata shida zuwa shekara kafin ta zauna, gwargwadon irinta, dutsen da aka ɗora da wuri kuma yana karkacewa. A tambayi masu kula da maƙabarta girman da aka yarda. Rubutun ya zama gajere: suna, shekaru, aya. A ba mai sassaƙa a buge, ba da rubutun hannu ba, ya zana a takarda da girman da zai sassaƙa, mutum biyu su duba haruffa da lambobi su sa hannu kafin ya ɗora kurfi a kan dutse.